Jif ta iyali da riyal dubu 90: wacce zan ɗauka?

Abu_Sadik:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ina zaune a Shauƙiyya nan Makka, aikina kuma a Jidda, kullum sai na je na dawo in ban da Juma'a da Asabar. Yarana biyar, babban shekararsa 14, ƙaramar tana goye. Da ni da uwargida mun zama bakwai, ga Hajiya mahaifiyata da takan zo ta yi watanni a wurinmu. Corolla ce a hannuna, yanzu in za mu fita gaba ɗaya sai na roƙi wani ya kwashi rabinmu. Abin da na tara, har da kuɗin Corollar in na sayar, bai wuce riyal dubu 90 ba. Ina son mai kujera bakwai wadda za ta kai mu Madina da Ɗa'ifa ba fargaba. Raina ya fi kwanciya da Fortuner ta hannu. Wani abokin aikina yana ta zuga ni in ɗauko sabuwa 'yar China a leda, uwargida kuma ta ga Santa Fe a gidan ƙawarta ta ce ita take so. Waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, don Allah ku faɗa min gaskiya.

Dan_Fagge:
Wa alaikumus salam. Toyota kawai, Malam, sauran duk surutu ne. Ranar da ka tashi sayarwa, kafin ka gama ɗora hotunanta a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, wayarka ta fara ƙara.

Ummu_Hanan:
Abu Sadik, Allah ya sa albarka a abin da aka tara. Amma ka sake ƙirga mutanenka. Ku bakwai ne, da Hajiya takwas, motocin da ka lissafa kuwa kujera bakwai-bakwai ne. Wa za a bari a gida? Kada ka ce a rungume ƙaramar a cinya, hanyar Madina ba wurin wannan ba ce, an yarda motoci su yi gudun 140 a kanta. Kujerar jariri ita kaɗai tana cin wurin mutum guda, har ta matse na kusa da ita.

Sannan ku maza in kun je kallon mota inji kuke buɗewa, ba mai buɗe but. Irin waɗannan jif-jif ɗin da zarar an tayar da layin baya, abin da ya rage a but bai fi wurin jaka biyu ba. Ina za ka sa keken jariri, da kular abinci, da jarkokin Zamzam, da akwatin Hajiya? Mu tamu mai kujera bakwai ce, yaranmu huɗu kacal, amma duk tafiya sai an jibga wa yara kaya a ƙafa.

Abu_Sadik:
Hajiya wata uku ko huɗu take yi a shekara, shi ya sa na ƙirga bakwai. Amma maganar but ta shiga kunnena, Ummu Hanan.

Garba_Bakanike:
Bari in raba muku motocin nan gida biyu, don mutane suna zuba su a kwando ɗaya alhali ba gininsu ɗaya ba. Fortuner, Prado, Patrol, Montero Sport, Tahoe: waɗannan shasi ne na ƙarfe daban, aka ɗora jiki a kansa. Fortuner ma shasin Hilux ne a ƙarƙashinta. Suna jure rami, suna jure kaya, amma suna da nauyi, suna shan mai, kuma wanda ke layin baya yana jin kowane tudu a ƙugunsa. Santa Fe, Sorento, Highlander da X-Trail kuwa jiki da shasi a haɗe suke irin na ƙaramar mota, an dai ɗaga su sama. Sun fi laushi a kwalta, sun fi sauƙin mai, kuma zama a cikinsu ya fi daɗi saboda ƙasan motar bai taso ba.

Duk wanda ya zo gareji da wannan magana abu ɗaya nake tambayarsa: yaushe rabon tayarka ta sauka daga kwalta? Makka zuwa Jidda kwalta, hanyar Hijira zuwa Madina kwalta, Hada, hanyar dutsen da ke hawa Ɗa'ifa, kwalta. In ba ka shiga rairayi, ba ka da gona ko garke a bayan gari, to mai dabal, wato mai jan taya huɗu, kuɗi ne kawai za ka biya a saye, ka biya a mai, ka biya a gyara.

In kuma Fortuner ɗin ce dole, ka san injin da za ka ɗauka. Mai 2.7 silinda huɗu ba ya ba da ciwon kai, amma ka cika ta da mutum bakwai, ka kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya mota, ka nufi hawan Hada, za ka ji tana nishi. Mai V6 4.0 yana da ƙarfi, gidan mai ne zai zama abokinka. Akwai ta dizal, ita ce da mai sauƙi, sai dai dizal ya tashi: riyal 1.15 a 2024, ya koma 1.66 a farkon 2025.

Dan_Fagge:
Oga Garba, duk wannan bayani naka, in aka ba ka Fortuner da Santa Fe kyauta wacce za ka ɗauka?

Garba_Bakanike:
Fortuner, in sayar in sayi abin da ya dace da ni in riƙe canji. Amma Abu Sadik ba kyauta za a ba shi ba.

Akawu_Jidda:
Ni wurin da ya tsaya min shi ne zuwa Jidda kullum. Mu yi lissafi. Tsakanin Makka da Jidda kusan kilomita 80 ne, zuwa da dawowa 160, kwana biyar a mako 800. A shekara, ko ba ka haɗa da zirga-zirgar gida da ziyara ba, ka ce kilomita dubu 40. Fetur 91 riyal 2.18 ne lita tun da aka tsayar da farashin a Yulin 2021. Mu ɗauka babbar jif tana ba ka kilomita 8 a lita: lita dubu 5 ke nan, riyal 10,900 a shekara. Motar da ke ba ka kilomita 16 a lita rabin haka za ta ci, 5,450. Ba a sa taya ba, kuma tayar jif ba kuɗin tayar Corolla ba ce, ba a sa baƙin mai ba, ba a sa faɗuwar darajar mota ba, wadda ita ce babbar asara. Jif da ka ƙara wa kilomita dubu 120 a shekara uku, wa zai ba ka kuɗin kirki a kanta?

Shawarata kada ka sayar da Corollar. Ta ci gaba da cin hanyar Jidda, kai kaɗai ne a ciki. Babbar ta zauna don iyali. Mai iƙama, wato takardar zaman ƙasa, yana iya mallakar mota biyu da sunansa.

Abu_Sadik:
Akawu, lissafinka ya yi, amma in na riƙe Corollar kuɗin hannuna ya koma kamar dubu 65. Kuma inshora biyu, istimara (rajistar mota) biyu, fahas (binciken lafiyar mota) biyu.

Akawu_Jidda:
Ka haɗa su duka, ka ajiye su gefen bambancin man da na nuna maka. Inshorar da ke biyan wanda ka buga kawai, a kan tsohuwar Corolla, ba za ta kai can ba in tarihin tuƙinka mai tsabta ne. Istimara kuma shekara uku take yi.

Baba_Sakkwato:
Ku yaran yanzu kuna wahal da kanku. Mu da munka zo ƙasag ga, mai iyali Jimis, wato GMC, yaka saye, magana ta ƙare. Mutum tara za su zauna, kaya su shiga baya, kowa ya miƙe ƙafa har Madina. Har gobe tsohuwar Suburban ko Yukon na nan cikin kuɗin da kac ce, kuma kayan gyaranta sun cika tashlih, inda aka saida kayan rusassun motoci.

Sani_Rusaifa:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, lokacinku lita halala 45 ce, ko rabin riyal ba ta kai ba. Haka aka sha har ƙarshen 2015, sannan ta koma 75, a 2018 ta yi tsalle zuwa riyal 1.37. Yanzu V8 sai mai ƙarfi. Kuma Jimis a lungunan Hindawiyya ko Shari' Mansur, in ka shiga da gaba da baya za ka fito.

Baba_Sakkwato:
Shi Shauƙiyya yac ce, ɗana. Titunansu da faɗi.

Mai_Takardu:
Kafin a yi nisa, akwai dokar Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, da mutane ke mantawa sai an zo canja suna. Baƙo mai iƙama ba a sa masa mota mai kujera bakwai ko fiye da sunansa sai in iyalinsa sun kai mutum biyar. Abu Sadik ba shi da matsala tunda su bakwai ne, in dai duk suna ƙarƙashin iƙamarsa. Na faɗa ne don masu karatu a ɓoye, kar wani mai mata da ɗa ɗaya ya ba da kafin alƙalami a kan Prado sannan a ce masa ba ta canjuwa. Wanda ya zo da bizar ziyara ba ya cikin ƙirga.

Injiniya_Yanbu:
Ni zan tsaya wa 'yan China, tunda na ga ba wanda ya kula su. Da dubu 90 za ka shiga wakala, gidan wakilin kamfanin mota, ka fito da sabuwa mai kujera bakwai, ba wanda ya taɓa zama a cikinta, da garanti na shekaru, da kyamara ta ko'ina, da mukayyif na baya. Da wannan kuɗin Fortuner mai shekaru da kilomita masu yawa za ka samu, ba ka san abin da mai ita ya yi da ita ba. Ku dubi titi mana: Changan, Geely, MG, Haval, Jetour sun cika Jidda da Riyad. Haka aka yi wa Hyundai dariya shekarun baya, yau ga shi uwargidan Abu Sadik ita take nema. Tawa tana shekara ta uku, in ban da baƙin mai da birki ban canja komai ba.

Lawal_Kilo14:
Injiniya, Allah ya ci gaba da tsarewa, amma ba ka yi hatsari ba ne. Ni ma irin ta can gare ni, ba zan faɗi sunan kamfani ba. Wani ya buge ni ta baya, Najm, masu tantance hatsari, suka zo suka ba shi laifi ɗari bisa ɗari, inshora ta amince, sai aka ce fitilar baya da ƙofar but babu su a ƙasa, sai an yi oda. Mota ta kwanta a wakala wata da watanni ina hawa haya. Na zaga tashlih na Biriman ban samu ko ɗaya ba. Da Toyota ce ko Hyundai, ranar zan samo, sabuwa ko ta hannu, in zaɓi wadda aljihuna zai iya.

Injiniya_Yanbu:
Ya danganta da kamfanin da kuma samfurin. Waɗanda suka yi yawa a titi kayansu sun fara samuwa.

Dan_Fagge:
"Sun fara." Mai yara biyar ba ya jiran sun fara.

Akawu_Jidda:
Abin da ya fi kayan gyara shi ne ranar sayarwa. Mu baƙi ne, kwantiragi na iya ƙarewa ba shiri, kuma ba a ba ka bizar fita ta ƙarshe da mota a sunanka, sai ka rabu da ita. Wanda yake sayarwa cikin gaggawa, motar da kasuwa ke nema ce take cetonsa. Injiniya, buɗe Haraj ka duba nawa ake sa irin taka mai shekara uku, ka gwada da kuɗin da ka biya. Kuma sabuwa akwai harajin VAT na kashi 15 a kanta tun Yulin 2020, wanda ranar da ka fito daga wakala ya tafi ke nan. In daga hannun mutum ka saya kai tsaye babu wannan.

Wad_Maiwurno:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ni tunanina daban. Duk motar da zan saya a nan, ina duba ko za ta iya rayuwa a gida. Wanda ya san yankin Sinnar da Gadarif da damina ya san baƙar lakar nan, in ruwa ya sauka ba abin da ke wucewa sai Land Cruiser da boksi, wato a-kori-kura. Mutanenmu da yawa ta jirgin ruwa suke kai motocinsu daga Jidda zuwa Sawakin. Can Fortuner ko Prado dukiya ce, kowane bakanike ya san ta. Motar da ta cika kwamfuta kuwa, in ta tsaya a ƙauye sai dai kaji su kwana a ƙarƙashinta. Allah ya kawo mana zaman lafiya mu koma.

Ummu_Hanan:
Amin ya Allah. Amma Wad Maiwurno, mutum zai takura yaransa yau saboda lakar da zai shiga wata rana?

Sani_Rusaifa:
Ga mu 'yan Najeriya ma sitiyarin ɗaya ne, hagu, ba matsala ta nan. Kuɗin jirgi da na kwastan ne abin dubawa. Yawancin waɗanda na sani sayarwa suke yi a nan, su sayi wata a Kano.

Maman_Iman:
Ina ta karantawa, ba wanda ya tambayi wa zai riƙa tuƙa motar. In aka bi shawarar Akawu, maigida yana Jidda da Corolla daga asuba zuwa magariba. Wa zai kai yara makaranta, wa zai kai Hajiya asibiti? Tun Yunin 2018 mata suke tuƙi. In uwargida tana da lasisi ko tana shirin yi, to motar tata ce kwana biyar a mako, ra'ayinta ba na ado ba ne. Kuma ku tuna Hajiya. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta hau Fortuner ko Prado sai an tallafe ta, tsayinsu ba wasa ba.

Ni Kia Carnival nake ja a Madina, mai kujera takwas. Ƙofofinta na gefe zugewa ake yi, yaro ba zai buɗe ya maka wa motar maƙwabci ba a bakin makaranta. Bayan layi na uku akwai rami mai zurfi da ke haɗiye akwatuna, ko da kowa na zaune. Injinta V6 ne, ba zan ce ba ta shan mai ba, tana sha. Amma ita ce amsar tambayar da Ummu Hanan ta yi tun farko.

Abu_Sadik:
Uwargida tana koyo, ta kusa gamawa. Amma Maman Iman, Carnival ai ba jif ba ce. Ka shigo unguwa a ce direban makaranta ya iso.

Maman_Iman:
To Abu Sadik, masu cewa haka su za su riƙe maka akwatin Hajiya a cinya?

Dan_Fagge:
Hahaha, Maman Iman ta gama da kai. Amma in bas ɗin ce, Innova mana. Tsohon samfurin shasinta ɗaya da Hilux da Fortuner, injin 2.7, akwai mai kujera takwas, kuma ta fi Fortuner araha a kasuwa. Ka ga ka dawo Toyota ta ƙofar baya.

Garba_Bakanike:
Wannan karon Ɗan Fagge ya yi magana. Sai dai Innova da yawa motocin kamfanoni ne da na haya, sun ci hanya sosai, sai an tona. Masu son jif ta gaske mai kujera takwas akwai Patrol, Palisade, Telluride, Pilot, Traverse, amma mai tsabta a cikinsu da dubu 65 sai an yi haƙurin nema. Akwai kuma Pajero, an daina ƙera ta a 2021, kuɗinta ƙasa da na Prado nesa ba kusa ba, kayan gyaranta suna nan. Layinta na uku dai na ƙananan yara ne.

Habu_Sharp:
Ni ban ga abin wahala ba. Ka ba da dubu 65 ɗin a matsayin kuɗin farko, ka ɗauko sabuwa dal ta banki, ka riƙa biya wata-wata. Da azumi da lokacin Umara ka riƙa kwaso baƙi daga filin jirgi, motar ta biya kanta.

Mai_Takardu:
Habu, kada ka jefa bawan Allah a rami. Ɗaukar fasinja da kuɗi ba lasisi laifi ne, ana tsare mota, ana cin tara, kuma filin jirgi nan ne aka fi sa ido. Ga baƙo abin yana iya kaiwa ga iƙamarsa. Lokacin Hajji kuwa ɗaukar wanda ba shi da tasrihi, wato izinin Hajji, ɗauri ne da tara da kora daga ƙasa. Ɗauko ɗan'uwanka da ya zo Umara daban, mayar da abin sana'a daban.

Akawu_Jidda:
Maganar banki kuma, a karanta takarda da kyau. Yawancin abin da ake bayarwa haya ce mai ƙarewa da mallaka: motar tana sunan banki har ka gama, inshora cikakkiya dole ce kuma a cikin kuɗin wata take, sannan akwai dunƙulallen biya na ƙarshe da mai tallan ba ya son a tsaya a kansa. Kada ka tambayi nawa ne a wata, ka tambayi nawa ne jimla. Kuma Abu Sadik, in kana cikin masu biyan kuɗin murafiƙin, wato iyalin da ke ƙarƙashin iƙamarka, riyal 400 ne kan kowane mutum a wata. Mutum shida 2,400 ke nan kafin a ci abinci, kafin haya, kafin makaranta. A kan wannan za ka ɗora bashin mota na shekara biyar?

Abu_Sadik:
Bashi ba ya cikin lissafina ko kaɗan. Abin da ke hannu shi za a kashe.

Malam_Nuhu_Jarwal:
Madalla. Hankalinka zai fi kwanciya.

Habu_Sharp:
To ni dai na ga masu yi.

Garba_Bakanike:
Tunda ta hannu za a saya, ga abin da nake gaya wa 'yan'uwana. Ka karɓi lambar shasi ka ciro rahoton Mojaz, zai nuna maka masu ita na baya da hatsarin da aka rubuta da abin da aka samu na kilomita. Mita ana juya ta, don haka ka dubi sitiyari da feda da kujerar direba, su ba sa ƙarya. Ka kai ta wurin bincike da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya nuna maka ba, a ɗaga ta sama a duba shasi, a sa kwamfuta. Fenti a ƙofa ko bamba ba abin tsoro ba ne, ragi ne a ciniki. Shasi da aka buga aka miƙe kuwa, ka yi sallama ka tafi.

Motar Jidda ka ɗaga kafet ka sa hanci. Bayan ambaliyar Nuwamban 2022 motoci da yawa sun sha ruwa an busar an kawo kasuwa. Ka duba tsatsa a ƙarƙashin kujeru da wurin safaya taya, ka zaro bel ɗin kujera har ƙarshe ka ga ko akwai shatin laka. Wadda aka shigo da ita daga Amurka a yi hattara, da yawansu masu hatsari ne aka gyara, ka nemi ƙirar Khalij, wadda aka ƙera don ƙasashen Larabawa na yankin Gulf.

Ka je gwaji da azahar, ba da dare ba. Ka bar ta a kunne a tsaye da mukayyif, ka zauna a layi na uku da kanka ka ji ko sanyi na isowa, idonka kuma a kan allurar zafi. A taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a 2021. Taya mai shekaru, ko zanenta bai cinye ba, zafin hanyar Madina yana fasa ta. Kuma kada ka kashe kuɗinka duka a saye, ka ware wani abu na taya huɗu, batir, da canjin duk mayukan mota ranar da ka karɓa.

Lawal_Kilo14:
A ƙara da duba giyar motar. Masu CVT, wani nau'in giya mai canja kanta, a tambayi ko ana canja mata mai a kan lokaci, in ba takarda a bar ta. Nauyin mutum bakwai da hawan dutse ba abin da take so ba ne.

Mai_Takardu:
Canja suna ta Absher, manhajar gwamnati, ake yi yanzu. Istimara da fahas su kasance da rai, ka yi inshora da sunanka, a biya tarar Sahir, kyamarorin kan titi, da ke kai. Kada ka miƙa kuɗi a hannu don an ce maka "gobe za mu canja".

Hajiya_Aziziyya:
Ni tambaya gare ni a gefe, ku yi haƙuri. Highlander mai haɗin batir da fetur fa? Ɗana yana ta maganarta. Batirin yana jure zafin Makka?

Garba_Bakanike:
Hajiya, ki dubi tasi nawa ne Camry masu irin wannan injin suke yawo a garin nan dare da rana. Suna jurewa, in ana tsabtace matatar iskar da ke sanyaya batirin. A cunkoso ne take nuna sauƙin manta sosai. Kuɗinta ne ya fi ƙarfin abin da Abu Sadik ya ambata.

Injiniya_Yanbu:
Har yanzu dai ba wanda ya nuna min ta hannu mai dubu 65 da za ta ba shi garanti ko na wata ɗaya.

Dan_Fagge:
Garantinta sunanta.

Abu_Sadik:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Ga inda nake yanzu. Corolla ta tsira, ba zan sayar ba. Ranar Asabar zan kwashi kowa, har da kujerar jaririn da keken da babban akwati guda, mu je ma'arid, kasuwar motoci, na Jidda. Duk motar da muka tsaya a kanta sai kowa ya shiga ya zauna an rufe but. Zan gwada Santa Fe saboda uwargida, Fortuner saboda raina, Carnival da Innova saboda Maman Iman ta hana ni sakat. Oga Garba, in na ga wadda ta yi zan turo maka lambar shasi.

Ummu_Hanan:
Ka sa babban yaron a layi na uku, ba ƙananan ba. Shekara 14 yau, baɗi ƙafarsa ta fi taka tsawo.

Baba_Sakkwato:
Ka leƙa Jimis guda ko don ni.

Wad_Maiwurno:
In ka ga Prado mai tsabta da ta fi ƙarfinka, turo min lambar mai ita ta akwatin sirri.

Sani_Rusaifa:
Asabar da yamma ma'arid cike yake, dillalai za su gan ka da iyali su san ka matsu. Ka je da su a gwada zama, amma ciniki ka koma kai kaɗai ranar Talata. Oga Garba, Santa Fe ɗin wane inji zai nema, 2.4 ko V6?

Garba_Bakanike:
Da mutum bakwai da Hada, V6. Amma ya fara ganin ko akwatin zai shiga.